Goran Goggo a Dutse Mai Wushirya

Goggo, yayar mahaifina, ba ta yarda da hannu wajen ɗaukar kaya ba. Ko kwalbar mai ta sayo, sai ta naɗe gammo ta aza a ka, ta saki hannuwanta tana tafe tana gaisawa da mutane. A Waziriyya, unguwarmu a Jidda, inda na tashi a ɗakinta bayan rasuwar mahaifina, har 'ya'yan Larabawa sun san ta: doguwar mata mai faranti a ka, soyayyar gyaɗa a gefe guda, ƙuli-ƙuli da yaji a ɗaya gefen. Na taɓa ganin ranar da motar masu korar 'yan talla ta shigo layinmu. Mata suka watse suna zubar da kaya, ita kuwa ta tsallake kwata, ta kutsa lungu da gudu, ko ƙwayar gyaɗa ba ta faɗo ba. Tun daga ranar nake jin cewa duk Jidda babu mai goggo irin tawa.

Tana da surutu, tana da tsiya, amma akwai labari guda da ba ta son bayarwa. Guntu-guntu na tsince shi a bakinta har na haɗa.

Tana 'yar yarinya iyayenta suka taso da ita a ƙafa daga wani ƙauye na ƙasar Maraɗi, za su aikin hajji. A Sudan suka tsaya tsinkar auduga, a can aka haifi mahaifina, a can kuma kakana ya rasu. Kakata, wadda Goggo ke kira Inna, ta ce ba za ta koma gida ba tunda ta zo wannan nisa. Suka shiga jirgin ruwa na katako tare da wani ayari. Mai jirgin ba shi da takardu, su ma ba su da su, don haka da ya ƙetaro da su sai ya sauke su a gaɓar da babu kowa, ya nuna musu wani farin dutse ya ce Jidda na bayansa. Mutanen da ba su taɓa hawa abin da ya wuce jigawa ba, suka yarda, suka hau don su yanke hanya. Da suka kai sama babu Jidda babu alamarta, duwatsu ne har iyakar gani. A nan ruwa ya ƙare. Inna ta miƙa wa Goggo ragowar da ke cikin goranta, ta ce ta sha, ta ɗiga wa jinjiri. Inna ba ta sauko ba, a can ta rasu. Mazan ayarin suka yi mata taimama saboda babu ruwan wanka, suka rufe ta da duwatsu, ko yayyafin da ake yi wa sabon kabari ba ta samu ba. Goggo ta goya ƙanenta ta bi mutane, har masu kiwon raƙuma suka tsince su. Goran yana nan rataye a ƙusa a ɗakinta, ya yi baƙi don tsufa, ba mai taɓa shi.

A farkon shekarun dubu biyu ina yi wa wani gida tuƙi a Abhur, can arewacin Jidda. Samarin gidan masu son kamun kifi ne, da sanyi ya shigo sukan sa in kai su arewa, mu wuce garin Rabig da nisa, mu saki kwalta mu bi gaɓa. A irin wannan fita na ga wani dutse fari fat a tsakiyar baƙaƙen duwatsu, kansa a tsage. Ban kawo komai a raina ba. Na dai tsinci wani ɓallen dutse a busasshiyar ƙoramar da ta sauko daga wajensa, saboda na ga bawon katantanwar teku a manne cikin jikinsa, na ajiye a gaban mota don sha'awa.

A lokacin yanar ido ta fara rufe idanun Goggo, abin da ya wuce 'yan taku sai dai ta ga inuwarsa. Wata rana na ɗauko ta daga wajen likitan ido, tana ta faɗa wai yaron nan da ko gemu bai gama fito masa ba shi zai sa mata wuƙa a ido. Hannunta na lalube a gaban mota ya faɗa kan dutsen. Ta ɗauko shi. Ta juya shi, ta shafa, ta kai shi kan harshenta.

"Ya waladi, ɗana, a ina ka samo wannan?"

Na gaya mata.

"Fari ne, sauran baƙaƙe?"

"E, Goggo."

"Kansa yana da wushirya?"

Sai da na gangara gefen titi na tsaya.

Na yi iyakar ƙoƙarina in hana ta. Na ce ta tsufa, ta ce ba a kaina ta tsufa ba. Na ce ba ta gani, ta ce dama da ido aka hau shi wancan karon, ga abin da ya haifar. Da na rasa ta cewa sai na jawo malamai, na ce a garin nan ba a son mata su je kabari, zuba ruwa a tsohon kabari kuwa cewa za a yi bidi'a ce. Ta dube ni da idanun nan nata masu hazo.

"Kai da Hausarka ma ba ta nuna ba za ka yi mini wa'azi? Ni ba ibada zan je yi ba. Mata ta baro garinsu a ƙafa don ta sha Zamzam, ta mutu da ƙishirwa ba ta sha ba. Kai mata zan yi. Halas, magana ta ƙare."

Washegari ta sauko da goran daga ƙusa, ta jiƙa shi ya kwana don ta ga ko yana yoyo. Ta hau bas ita kaɗai ta je Makka, ta cika shi da hannunta, ta toshe bakin da tsumma da kakin zuma. Bai fi cikin kwanon sha biyu ba. Na ce ga jarkoki nan cike da Zamzam a kowane gida, mu ɗauki babba mana. Ta ce a wannan ta sha, a wannan za ta mayar.

Na roƙi kafilina, wato maigidan da nake wa tuƙi, aron motar jeji ranar hutuna, muka fita bayan sallar asuba. Niyyarmu mu hau da sanyin safiya, amma da muka saki kwalta muka shiga ƙorama sai motar ta nutse a yashi har ciki. Na yi ta tono ina cusa duwatsu, ina kwankwaɗar ruwa, Goggo na zaune a inuwar mota da gora a cinya tana ba ni umarnin da bai shafi tuƙi ba. Kafin mu fitar da motar hantsi ya dubi ludayi. Muka ƙarasa inda mota ba ta iya wucewa. Na ɗaga kai na dubi dutsen, ga wushiryar nan kamar in miƙa hannu in taɓa. Na ce wannan ai kafin azahar mun je mun dawo, na bar babbar kular ruwa a mota, na jefa robar ruwa biyu a leda.

"Hangen Dala ba shiga birni ba," in ji Goggo. Ni da ban taɓa ganin Dala ba, na yi dariya.

Ta sa wando a ƙarƙashin zani, ta tattare zanin ta soke a ƙugu, ta naɗe mayafi ta yi ɗamara da shi. Ta cire silifa ta cusa a ɗamarar. Ta zaunar da goran cikin wani ɗan kwano, ta aza a kan gammo, ta ce bismillahi, yalla, mu je.

Wanda bai taɓa taka irin wannan dutse ba, ba zai gane ba. Daga nesa ya yi kama da abin da za a murƙushe da hannu, ashe duk jikinsa kaifi ne da ramuka, kamar magogin kuɓewa. Ka dafa ya yanke ka, ka riƙe wani gefe ya ɓalle a hannunka ya gangara yana ƙara. Ko'ina bawon katantanwa da ƙananan wuri sun daskare a ciki, a can sama inda ko kaɗawar teku ba a ji. Farinsa kuma yana mayar da rana cikin ido. Takalmina na fata, wanda nake taƙama da shi a Abhur, tun ba a je ko'ina ba ya buɗe baki.

Goggo kuwa tafiya take yi kamar za ta kasuwa. Ba ta duban ƙasa, dama mai kaya a ka ba ya duban ƙasa, ƙafa ce ke yi masa gani. Sai ta miƙa babban yatsa ta laluba, ta sami rami, ta zauna a kai da nauyinta, sannan ɗaya ƙafar ta biyo. In za ta kama wani gefe sai ta ƙwanƙwasa shi tukuna ta saurara, yadda take yi wa tukunyar ƙasa kafin ta saya. In ya yi ƙarar fasasshe ta ce, "Wannan maƙaryaci ne," ta nemi wani. Ƙugunta na karkata, kafaɗunta na karkata, wuyanta na tsaye cak, goran ko motsi. Na tsaya a bayanta ina haki ina kallo, wallahi har na manta da yankan da ke tafin hannuna. Tsohuwa ce mai jikoki, wadda ba ta gane fuskata sai na matso, ga ta tana hawa inda awaki za su yi shawara.

Ni ne mai ido, aikina in faɗa mata inda wushiryar take, dama ko hagu. Sauran duk ita ta yi. Ta miƙo mini ƙwallon dabino ta ce in sa a baki in riƙa tsotsa, haka mutanen ayari suke yi. Na karɓa don kada ta yi faɗa, na tofar a bayanta. Can ledar da ke rataye a hannuna ta gogi kaifin dutse ta yage. Roba ɗaya ta faɗi, ta yi tsalle biyu ta fashe a ƙasa muna ji. Ɗayar dama na sha fiye da rabi.

"Mene ne ya faɗi?"

"Ba komai, Goggo, dutse ne."

"Dutse mai ruwa a ciki," ta ce, ba ta ko juyo ba.

Azahar ta same mu ba mu kai ba. Muka yi taimama muka yi salla a kan wani ɗan fili da bai fi tabarma ba. Daga nan teku ta fito gaba ɗaya, kore-kore a bakin gaɓa, shuɗi mai duhu a can ciki, motarmu a ƙasa kamar akwatin ashana. Na kwatanta mata. Ta tambaya ko akwai wani lungun ruwa da ya shigo cikin ƙasa, mai lanƙwasa kamar lauje. Na ce akwai. Ta gyaɗa kai ta ce a nan aka sauke su, ta tashi.

Sama kaɗan hanya ta ƙare. Bango ne tsaye, ya fi tsayin mutum biyu, da tsaga a tsakiya wadda mutum zai iya cusa jikinsa. Goggo ta shafa bangon da tafin hannu ta ce ta tuna shi, a nan maza suka riƙa miƙa wa juna mata da yara. Ta sauke goran daga ka, ta kwance mayafi, ta goya shi a baya ta ɗaure a ƙirji, har da ɗan girgizawar nan da ake yi wa jinjiri don ya zauna daidai. Ta ce in wuce gaba, namiji ba ya bin bayan uwarsa a wajen hawa.

Na shiga tsagar na hau rabi, sai na maƙale. Hannuna ya kama sama, amma ƙafata ta dama ta rasa wurin takawa, ta hagu kuma ta kama kaɗawa ita kaɗai kamar ta mai keken ɗinki. Na kasa gaba na kasa baya. Na ji Goggo ta matso ƙarƙashina, tana gyara gammo.

"Taka kaina."

"Goggo, a'uzu billahi!"

"Na ce taka. Buhun gawayi na ɗauka a kan nan daga bakin kasuwa har gida, kai nawa kake?"

"Ba zan iya taka kanki ba."

"To faɗo mini a ka gaba ɗaya, ka fasa mini gora, ka ga yadda za mu ƙare."

Na cire ragowar takalmin na yar, na sa tafin ƙafata a kan gammon matar da ta raine ni. Na ji wuyanta ya karɓe ni, bai ko lanƙwasa ba. Ta miƙe a hankali, ta ɗaga ni har na kama bakin bangon na haye. Kafin in juyo in miƙa mata hannu, ta tokare bayanta ta gefe don kada goran ya gogu, tana hawowa da gwiwa da yatsu tana kiran sunan Allah. Hannun da na miƙa ma ba ta gan shi ba.

A saman bangon nan ƙarfina ya ƙare. Ruwana ya daɗe da ƙarewa. Na lura gumi ya daina fito mini, harshena ya yi kauri, cinyoyina suka ɗaure. Wushiryar na nan gabanmu, jifa ɗaya, ina ganin inuwar da ke cikinta. Na ce bari in ɗan zauna. Abin da na sani kuma, ina kwance, kaina a cinyar Goggo, ta yi mini rumfa da zaninta, farin dutsen nan ya koma baƙi-baƙi a idona. Sai na ji ƙarar da har yau ba na son tunawa, tana ɓanɓare kakin bakin gora da haƙori.

Na kau da kai. Na ce mata a'a da Hausa, na ce da Larabci. Na ce ta bar ni in huta, ta je ta zuba, ga shi can kusa, in ya so ta dawo. Tsoro nake ji ƙwarai, ba zan ɓoye ba, amma na fi jin nauyin ruwan nan. Tun ba a haife ni ba take ɗauke da shi a ranta, ta hau da shi duk wannan dutse ko ɗigo bai zuba ba, kuma na san ba za ta sake hawowa ba.

Ta kama haɓata da yatsun nan nata masu ƙarfi ta juyo da fuskata.

"Da ta miƙo mini, ban yi mata gardama ba. Buɗe bakinka."

Na buɗe. Ta riƙa ɗiga mini kaɗan-kaɗan, tana jira ya wuce, tana ƙarawa. Ta jiƙa bakin mayafi ta shafa mini a wuya da goshi. Ruwan ya ɗumama, yana ƙanshin tsohuwar ƙwarya. Duk lokacin da na ce ya isa sai ta ce ita za ta faɗi lokacin da ya isa. Ita ko leɓenta ba ta jiƙa ba, ƙwallon dabinon nan ne dai a kuncinta. Muka zauna har rana ta karkata, idona ya washe, gumi ya dawo. Ta girgiza goran kusa da kunnenta. Ɗan abin da ya yi ƙara a ciki bai kai a kira shi ruwa ba.

Da rarrafe na ƙarasa, ita a tsaye. Cikin wushiryar akwai inuwa da iska mai sanyi da ke ratsowa daga teku. Ta bayan kuwa, inda aka ce musu Jidda take, duwatsu ne baƙaƙe a jere har ƙarshen gani. Na tsaya ina kallonsu, ina tunanin mutanen da suka iso nan da ƙishirwa suka leƙa.

Ba mu sha wahalar nema ba. A jikin bangon dama akwai tarin duwatsu mai tsawo, wanda ko makaho ya shafa ya san hannu ne ya jera. A gefen kai an kife wata 'yar tasa an danne da dutse, ta yi tsatsa har ta huje. Goggo ta durƙusa ta lalubo ta, ta bi bakinta da yatsa.

"Tasarmu ce," ta ce.

Na zaci za ta yi kuka, na ma shirya abin da zan ce. Ba ta yi ba. Ta gyara zama ta tanƙwashe ƙafa kamar ta shigo ɗakin uwarta da hira, ta yi sallama, ta yi addu'a a hankali, na ɗaga hannu ina amin. Sannan ta fara ba ta labari. Ta ce jinjirin ya rayu, ya yi aure, ya haihu, ya riga ta tafiya, in sun haɗu to ta riga ta sani. Ta ce ta yi mata hajji tun da daɗewa. Ta ce Jidda ba ta bayan dutsen nan, tana can kudu da nisa, kuma ba wani abin a zo a gani ba ne, zafi ne da tsadar haya.

Ta ɗauko goran ta tuntsurar a tafin hannunta. Abin da ya fito bai cika tafin ba. Ta yayyafa a kan duwatsun, farin dutse ya shanye nan take, kafin in ƙifta ido ko alamar danshi babu. Na sunkuyar da kai, na ce, "Goggo, ki yafe mini."

Ba ta kula ni ba. Ta kamo hannuna mai yanka, ta ɗora a kan kabarin, ta danne da nata. A wajenmu jika namiji mijin kakarsa ne, da wasa ake haɗa su tun yana cikin zani, ni kuwa ban taɓa samun kakar da za ta tsokane ni ba.

"Inna," ta ce, "na kawo miki Zamzam har ƙofar ɗaki, mijinki ya tare ni a hanya ya shanye. Ga shi nan, rago ne, amma naki ne. Ku sasanta."

A nan muryarta ta karye. Ni na riga ta fashewa da kuka, da hawayen da ruwan kakata ya ba ni.